Hannun da Yaya Bai Gani Ba

Matar Yaya ce ta ɓata wa Bahago safiyar nan, kuma ba da faɗa ba. Da faɗa ta yi masa ai da sauƙi, ya saba.

Direban tirela ne shi, irin doguwar nan mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗora manyan injinan gini a kai. Wansa kuwa, wanda kowa a kamfanin ke kira Yaya har da waɗanda suka girme shi, shi ke tuƙa katafilar haƙa. An gama aikin wata babbar magudanar ruwa, ranar za a kwashe katafilar zuwa wani aikin, shi ya sa Bahago ya biya gidan wan nasa don su tafi tare. Ya tarar Yaya ya riga ya bi motar leburori. Matar ce kaɗai a tsakar gida, durƙushe gaban baho tana wanke kofuna. Shekara ashirin matar nan ba ta taɓa barinsa ya shiga gidan ya fita lafiya ba. In ba ta ce tumbinsa ya riga shi sallama ba, ta ce hannun hagunsa ya fi kowa sanin hanyar tukunyarta. Yau ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wa ya taɓa mini matar Yaya da sassafe?" in ji shi.

Ta ajiye kofi. "Yau za ku ɗora katafilar a tirela?"

"Yau ne. Kafin azahar mun gama."

"Kai za ka yi masa hannu?"

"In ba ni ba wa? Me ya faru?"

Ta miƙe, ta goge hannu a zani, ta dubi ƙofar gida kamar mijin zai dawo ya kama ta. "Yayanka ba ya gani," ta ce.

Bahago ya yi dariya, don bai san me zai yi ba in ba dariyar ba. Ita kuwa ba ta yi ba. Ta ce idon dama ya mutu wata biyar ke nan, na hagu ma dishi-dishi yake gani da shi. Ta ce shekaranjiya ya tsiyaya shayi a gefen kofi, yana ji yana zuba a tabarma ya ce kofin ne ya fashe. Makon jiya 'yarsa ta cikinsa ta tsaya a bakin ƙofa, ya yi mata sannu da zuwa ya tambaye ta wa take nema. Ya je asibiti a ɓoye, likita ya ce abin daga can ciki ne, ba yana ba ce da za a cire.

"Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba," ta ce. "Haƙar rami ya ce ko ido rufe zai yi, hannunsa da kunnensa sun ishe shi. Amma ni da kunnena na sha jin yana cewa hawan tirela aikin ido ne. Na karya rantsuwa, Allah Ya yafe mini. Ni dai a dawo mini da shi da ƙafarsa."

Bahago ya fita bai ko yi mata sallama ba. Ya hau tirela ya kama hanya.

Wanda bai taɓa tsayawa inda ake ɗora katafila ba zai ce mene ne abin tashin hankali, ba hawa kawai za ta yi ba? To, ba haka ba ne. Abu ne mai nauyin tan ashirin da ɗoriya, ƙafafunsa sarƙar ƙarfe, za a hau da shi kan faifan ƙarfe biyu da aka jingina a bayan tirela a matsayin tsani. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya da amana, ɗan laka kaɗan ya isa ya zame. Faɗin katafilar da faɗin tirelar kusan ɗaya ne, abin da ke raguwa a kowane gefe bai wuce tafin hannu ba. Kuma da zarar ta ɗaga hanci a kan tsani, mai tuƙi ya daina ganin inda zai taka. Saboda haka masu wannan aiki suke da doka guda da ba a wasa da ita: mutum ɗaya tak ke yin hannu, yana tsaye can gaba a kan wuyan tirela, nesa da injin, kuma mai tuƙi hannun mutumin nan kawai yake kallo. In ya yafito, ka taho. In ya tura tafuka, ka koma. In ya dunƙule hannu sama, ka tsaya ko da uwarka ce ke kiranka. In ka karkace a kan tsani, ba a gyarawa a nan, sai ka sauka ƙasa ka sake saiti.

Yaya ne ya koya wa Bahago duk wannan. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar ubansu, shi ya kawo shi kamfanin, shi ya taɓa sharara masa mari a gaban mutane don ya tsaya kusa da ƙafar injin. Yanzu Bahago yana da shekara arba'in da biyar, furfura a gemu, 'ya'ya shida, amma har gobe in Yaya ya sha mur sai ya ji kamar ya fasa tulu a gida.

Duk hanya lissafi ɗaya yake yi. In ya gaya wa Oga, shugaban wurin aikin, yau ɗin nan za a sauke Yaya daga katafila, kuma ba zai ƙara hawa ba. Ya ga yadda aka sallami mai gireda bara don hannunsa ya fara karkarwa, mutumin yanzu yana zaune ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Yaya kuwa shekara talatin da ɗaya yana cikin kujerar nan. In aka raba shi da ita, kuma ya san daga bakin ƙaninsa maganar ta fito, Bahago bai san da wane ido zai ƙara shiga gidan ba. In kuma ya yi shiru, yana iya ɗaukar gawar wansa da hannunsa kafin azahar. Tsoro ya cika shi, kuma ya kasa zaɓen wanda ya fi tsorata shi a cikin biyun.

Da ya iso ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo. Hanyar ƙunci gare ta. Gefe guda doguwar katangar wata ma'ajiyar kaya, ɗaya gefen kuma sabuwar magudanar da Yaya ya haƙa da kansa, zurfinta ya fi tsayin mutum biyu, an zuba kankare a ƙasa, rodi a tsaitsaye a bakinta ba a rufe ba tukuna. Jiya an sha ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Babu wani wurin da tirela za ta tsaya sai nan. Ya gyara tsayuwa sau huɗu, duk da haka sai da bayan tirelar ya ɗan kwanta wajen ramin. Ya datse tayoyi da katako, ya sa leburori suka sauke tsani, ya sa aka tura ƙarin katako a ƙarƙashi. Ya karɓi shebur da kansa ya hau kankare lakar da ke ƙafar katafilar.

"Yau kuma direba ya koma lebura?"

Yaya ne, tsaye a jikin injin yana goge hannu da tsumma. Dogo ne, ƙashin ƙarfi gare shi, bai rage komai ba. Bahago ya gaishe shi, ya saci kallon idanun. Lafiya lau suke a ganin mutum, farare tas. Sai dai Yaya ba fuskarsa yake kallo ba, wajen kafaɗarsa yake kallo, inda muryar ta fito.

"Yaya, ƙasar nan ta jiƙe da yawa. Da mun bari sai gobe."

"Gobe ma ruwa za a yi. Ka je ka tsaya inda za ka tsaya."

"Ko in hau da ita ni, kai ka huta?"

Yaya ya daina goge hannu. "Kai? Rabonka da riƙe libar tuƙa katafila shekara nawa? So kake ka jefa mini ita a rami in yi wa Oga bayani da me?" Ya yi 'yar dariya. "Matarka ba ta ba ka abin kari ba ne kake surutai?"

Oga ya taho, gajeren mutum mai waya a kunne ko da yaushe, ya ce su yi su gama, motocin yashi na jiran hanya. Bahago ya buɗe baki. Wallahi ya buɗe, maganar ta zo har maƙoshi. Oga ya dube shi ya ce, "Akwai matsala?" Yaya na tsaye a gefe yana ninke tsumma. Bahago ya ce babu.

Ya kifa hular kwanonsa ruwan ɗorawa, ya hau kan wuyan tirela. Daga nan zuwa gindin tsani taku ashirin ne, ko fiye. Ya ga Yaya ya hau injin, kuma sai yanzu ya lura da yadda yake hawa: hannu na riga ƙafa, yana shafa ƙarfe kafin ya taka. Injin ya tashi, baƙin hayaƙi ya fita. Dogon hannun katafilar ya ɗago, bokitin haƙa ya lanƙwaso ciki yadda ya kamata, ba kuskure ko kaɗan. Bahago ya ji ɗan sanyi a ransa. Wataƙila matar nan ta ƙara gishiri. Mata da tsoro.

Ya yafito da hannu biyu. Katafilar ta taho.

Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe ta cika wurin, tirelar ta nisa ta ɗan duƙa. Taku ɗaya, biyu. Ƙafafun suka kama tsani, hanci ya ɗaga. Sai Bahago ya ga ƙafar da ke ɓangaren rami ta fara cin gefe. Kaɗan ne, yatsa biyu. Ya nuna. Ba abin da ya canza. Yatsa huɗu. Ya dunƙule hannu ya ɗaga sama.

Katafilar ta ci gaba da tahowa.

Ya ɗaga hannu biyu a dunƙule, ya yi tsalle a inda yake. Ta gilashi yana hango Yaya zaune daram, fuska a miƙe, yana kallon wajensa sosai kamar ɗalibi mai ladabi. Kallon yake, amma ba ya ganin komai. Sulusin ƙafar ya bar tsani yana rataye a iska, laka na ɗiga daga jikinta cikin ramin. Wani lebura ya ɗora hannu a ka. Bahago bai san lokacin da ya diro daga wuyan tirela ba. Ya sheƙa a kan shimfiɗar, ya wuce bokiti, ya tsaya gab da ƙafar injin ta ɓangaren katanga, inda ɗakin direba yake, hannu a dunƙule. Nan take katafilar ta tsaya cak.

Ya tura tafuka. Yaya ya koma baya a hankali, sannu-sannu, har ƙasa.

Bahago ya tsaya yana haki, zufa na bin bayansa. Ya gane abu ɗaya, kuma gane shi ya fi rashin saninsa muni. Yaya yana ganinsa, amma sai ya matso taku uku. A inda doka ta ce ya tsaya, inda ransa yake a tsare, babu shi a idon wansa. Inda Yaya ke iya ganinsa shi ne inda injin ke iya taka shi.

"Me ya faru ne?" Oga ya ɗaga murya daga nesa, waya a kunne.

"Laka ce," in ji Yaya ta ƙofa. "Ta zame. A ƙara kankarewa."

Bahago ya sauka ya je jikin injin. Ya kama ƙarfen ƙofa ya ɗago kansa don kada kowa ya ji.

"Yaya, na dunƙule hannu tun tana yatsa huɗu."

"Rana ce ta haske gilashin."

Babu rana. Gari a lulluɓe yake da hadari tun safe. Su biyun sun san haka.

"Yaya, don Allah."

"Don Allah me?" Yaya ya juyo. Muryarsa ƙasa-ƙasa, amma Bahago ya ji abin da bai taɓa ji a cikinta ba. Tsoro ne. Mutumin nan tsoro yake ji, hannunsa a kan liba ya jiƙe. "Wannan ɗaya ce ta rage mini a watan nan. In na ɗora ta, can sabon wurin haƙa ce kawai, wata huɗu ba hawan tirela. Kafin nan Allah Ya kawo sauƙi. Ka yi mini hannu, Bahago. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne kuwa, bai taɓa ba. Mutumin da ya ciyar da kai, ya aurar da kai, ya raɗa wa ɗanka na fari suna, yau ya ce ka yi masa hannu. Mai hankali zai ce a nan ne ya kamata Bahago ya juya ya kira Oga. Mai hankalin ba shi ne ke rataye a ƙofar nan yana jin numfashin wansa ba.

"Zan tsaya kusa," Bahago ya ce.

"Ba za ka tsaya a gaban ƙafa ba."

"To a ina za ka gan ni?"

Yaya ya gyara riƙon liba. Ya juya fuska ga gilashi, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Aka ƙara kankare laka, aka watsa yashi a kan tsani. Bahago ya yi saitin da kansa tun daga ƙasa, yana tafe da baya-baya a gaban injin, har ƙafafun biyu suka daidaita da faifan biyu. Sannan ya hau shimfiɗar, ya tsaya a bakin tsani, tsakanin bokiti da ƙafar da ke ɓangaren katanga. Wurin bai fi faɗin ƙofar ɗaki ba.

"Kai direba, koma can sama," in ji Oga. "Me kake yi a nan?"

"Daga nan na fi ganin gefen," ya ce, bai juya ba.

Wani kira ya shigo wa Oga, ya juya baya yana faɗa da mai yashi. Da ma a ce bai shigo ba.

Bahago ya yi bismillah a zuci, ya yafito. Injin ya yi gurnani ya kama tsani. Daga nesa katafila abin kallo ce, daga taku uku kuwa ba ta da kyan gani. Faranti bayan faranti na sarƙar yana tasowa yana kifowa wajensa, kowanne da haƙoransa, laka na fallatsa masa a wando. Zafin injin na dukan fuskarsa, ƙasan ƙafarsa na girgiza har haƙoransa na haɗuwa. Ya ja baya taku ɗaya, ya yafito. Ya leƙa gefen rami ta ƙarƙashin hannun injin. Daidai. Ya ƙara taku. Ya ɗaga ido ya ga Yaya ya sunkuyo har goshinsa na neman taɓa gilashi, ido ɗaya a tsuke. Sai ya lura ba hannunsa Yaya ke bi ba. Duk inda kansa ya karkata, nan fuskar Yaya ke karkata. Hular yake bi, abu ɗaya mai haske da idon ke iya kamawa. Hannu sai in ya ɗaga shi dab da hular sannan yake samun amsa.

Ya manna hannuwa a gefen kansa ya ci gaba da yafitowa daga nan, kamar mai wasa da jariri. A wata rana da leburori sun yi dariya. Yau ba wanda ya yi.

Saura wuri mafi muni. A ƙarshen tsani katafila takan ci gaba da hawa iska, rabin ƙafarta na gaba a sama ba ya taɓa komai, har sai nauyi ya rinjaya ta sunkuyo gaba ɗaya ta faɗo kan shimfiɗar. Mai ido yakan dafa bokiti a ƙasa ya sauko da ita a hankali. Kuma inda ƙafar za ta sauka, nan Bahago yake tsaye. In ya ja baya da wuri Yaya zai rasa shi a daidai lokacin da ya fi bukatarsa, ga rami a gefe. In ya makara, shi ke nan.

Ƙafar ta taso har ta kai tsayin ƙirjinsa. Yana ganin ƙarƙashinta, yana ganin wani dutse da ya maƙale tsakanin faranti biyu. 'Ya'yansa suka faɗo masa a rai, ƙaramar da ya bari tana kuka don an hana ta bin shi. Ya ji fitsari na neman ƙwace masa. Kaɗan, ya nuna da yatsu. Kaɗan kuma. Ya leƙa gefen rami a karo na ƙarshe. Daidai take, tsakiya sosai. Ya nuna a sauke bokiti.

Yaya ya sauke, amma ya kasa auna nisan. Bokitin bai kai ga shimfiɗar ba nauyi ya rinjaya.

Bahago ya ga inuwa ta rufto masa. Ya yi wurgi da kansa gefe, wajen katanga. Tan ashirin ya faɗo kan tirelar da ƙarar da ta sa tsuntsaye tashi daga rufin ma'ajiyar, shimfiɗar ta yi tsalle ta doki ƙafarsa a iska, ya juya ya faɗi ƙasa da baya cikin laka. Hular ta fita daga kansa tun yana sama. Ta faɗa kan shimfiɗar, ta gangara, ƙafar injin da ba ta gama tsayawa ba ta hau kanta. Ta fashe da ƙara ɗaya, fas, kamar an taka ƙwarya.

Injin ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Bahago na kwance yana kallon hadari, numfashinsa ya ɗauke, ƙirjinsa kamar an ɗora masa buhun siminti. Yana so ya ja iska, ta ƙi shiga. Ya motsa yatsun ƙafa, suka motsa. Ya juya ya dafa ƙasa.

"Bahago."

Daga sama muryar ta fito. Ƙofar injin ta buɗe.

"Bahago. Auta."

Rabon da wani ya kira shi da sunan nan tun rasuwar innarsu. Ya yunƙura ya miƙe, laka tun daga ƙeya har dunduniya, ya jingina da katanga. Ya buɗe baki ya ce ga ni, ba abin da ya fito sai wata 'yar shaƙuwa. Ya ɗaga hannu. Tsakaninsa da ƙofar injin bai fi taku bakwai ba, da rana tsaka, ba abin da ya tare.

Yaya ya leƙo, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen ƙofa. Ya dubi ƙasa inda ɓallin hular ya leƙo daga ƙarƙashin sarƙa. Ya ɗago ya dubi wajen katanga. Idonsa ya sauka a kan ƙaninsa, ya tsaya a kansa, ya wuce.

"Oga," ya ce. Muryar ta tsufa a cikin minti ɗaya. "Oga, ina ƙanena? Wani ya duba mini ƙarƙashin ƙafar nan. Ni ba zan iya dubawa ba."

Oga ya sauke wayar daga kunne. Ya dubi Bahago da ke tsaye yana ɗaga hannu, ya dubi Yaya, ya sake duban Bahago. Leburori takwas suna tsaye da shebur, kowa ya ga abin da Oga ya gani. Ba wanda ya ce uffan.

"Ku yi magana mana," in ji Yaya. "Na taka shi ko? Ku gaya mini. Ni na ce ya yi mini hannu." Ya saki ƙofa ya fara laluben hanyar sauka, ƙafarsa na neman mataki a inda babu mataki, ƙasa kuma da nisa.

Bahago ya taka da ƙyar, ya kama gefen tirela ya hau, ya dafa sarƙar injin, ya kama ƙafar wandon wansa. Yaya ya zabura. Hannunsa ya sauko yana lalube, ya sami kai, ya shafa shi tun daga goshi har ƙeya, ya taɓa kunne, ya taɓa gemu. Ya sake shafawa daga farko, yana neman inda ya fashe.

"Kai ne?"

Iska ta shiga ƙirjin Bahago a ƙarshe. "Ni ne, Yaya. Hula ce kawai."

Yaya ya riƙe kan da hannu biyu, ya ƙi saki. Hawaye na bin gemunsa, a gaban Oga, a gaban leburorin da ke tsoron ko tarinsa. Bahago ya runtse ido. Abin da ya ji a ransa ya ba shi kunya, don sauƙi ya ji. Maganar ta fito, kuma ba daga bakinsa ba. Katafilar kuwa ta zauna a tsakiyar tirela daram, tafin hannu a wannan gefe, tafin hannu a wancan, ko da ma'auni aka ɗora ta iyakar abin ke nan.

Oga ya matso har gindin tirelar. Ya sa wayar a aljihu. Da ya yi magana, a hankali ya yi, ba irin muryar da aka san shi da ita ba.

"Yaya, sauko haka nan."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya juya ya shafa kujerar sau ɗaya, ya jawo tsummansa daga bayanta ya cusa a aljihu. Sannan ya miƙo hannu cikin iska, ɗan nesa da inda ƙanin yake.

"Riƙe ni," ya ce. "Ban san inda matakin yake ba."